Kada Ka Taɓa Python Ɗin Gida: Aikin Ɗaure Ƙunshi a Manyan Kwamfutocin Kamfanoni

 A wannan fitowar zan ja ku zuwa wani lungu na harkar kwamfuta da ba a cika koyar da shi a aji ba, amma duk wanda ya gama karatu ya kama aiki sai ya ci karo da shi tun makon farko. Na san da yawa daga cikinmu da muka tashi a Landan, Jidda, Kumasi ko Amurka, in 'yan uwa suka tambaya me ake karantawa, amsar ita ce kimiyyar kwamfuta. Kuma yaren gina manhaja na farko da aka ɗora mu a kai shi ne Python.

To, a kwamfutarka kana da zubi na 3.13 ko 3.14, komai na tafiya sumul. Ranar da aka ba ka izinin shiga uwar garke ta wani banki, ko asibiti, ko jami'a, wato babbar kwamfutar nan da ke aiki dare da rana tana yi wa sauran hidima, sai ka tambaye ta wane Python take da shi. Sai ta ce maka 3.6. Zubin da ya fito a watan Disamba na 2016, lokacin da wasunmu ke ƙaramar sakandare! Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne, kai, mutanen nan ragwaye ne, bari in sabunta musu. Ɗan uwa, 'yar uwa, dakata tukuna. Akwai dalili, kuma bayan dalilin akwai wata sana'a guda.

Agogo biyu da ba sa tafiya tare

Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991. Tun daga zubi na 3.9 a 2020, masu kula da yaren suka tsayar da ƙa'ida: kowane watan Oktoba sabon zubi, kuma kowane zubi shekara biyar ake kula da shi, daga nan a sallame shi. Wannan agogo ɗaya ke nan.

Agogo na biyu na kamfanonin da ke sayar da babbar manhaja ne. Ɗauki Red Hat, kamfanin nan na birnin Raleigh a Amurka wanda IBM ta saya a 2019 a kan dala biliyan 34. Abin da yake sayarwa shi ne Linux ɗin da ake kira Red Hat Enterprise Linux, ko RHEL a taƙaice, kuma alƙawarin da yake yi wa masu saye shi ne shekara goma na kulawa ba tare da an sauya musu ginshiƙan gida ba. Banki ba ya son labarin sabon salo. Yana son manhajar da ta lissafa kuɗi daidai a bara ta lissafa daidai a baɗi.

Duba yadda lissafin yake. RHEL 5 ta 2007 ta zo da Python 2.4. RHEL 6 ta 2010 ta zo da 2.6. RHEL 7 ta 2014 ta zo da 2.7, alhali Python 3 ya fito tun ƙarshen 2008. RHEL 8 ta 2019 ta zo da 3.6, RHEL 9 ta 2022 da 3.9, sai RHEL 10 ta 2025 da 3.12. Masu Python sun daina kula da 3.6 a watan Disamba na 2021, amma RHEL 8 na da rai har 2029. Sun sallami 3.9 a Oktoban 2025, ita kuwa RHEL 9 sai 2032. Ka ga akwai tazarar wajen shekara bakwai da yaren ke zaune a uwar garke bayan masu shi sun juya masa baya.

Ba wai an bar shi haka nan ba ne. In aka gano wata ɓaraka ta tsaro, injiniyoyin Red Hat kan ɗauko gyaran da aka yi wa sabon zubi, su daidaita shi su liƙa wa tsohon kamar faci. Lambar zubin ba ta canzawa, amma ramin ya toshe. Shi ya sa ganin 3.6 kaɗai ba ya nufin kwamfutar a buɗe take ga ɓarayi. Matsalar ita ce facin tsaro ba ya kawo sabbin dabarun yare. In ka rubuta manhajarka da tsarin match da ya shigo a 3.10, ko kana dogara da saurin da 3.11 ya ƙara, ko laburaren da kake so ya ce shi ba ya hulɗa da tsohon zubi, to ka tsaya cik.

Me zai hana a cire tsohon a sa sabo?

Domin Python ɗin nan ba naka ba ne, na gida ne. Ita kanta babbar manhajar da shi take aiki. Manhajar da ke saka wa kwamfuta sabbin kaya da sabunta tsofaffi, yum a da, dnf daga RHEL 8, da Python aka rubuta ta. Haka firewalld mai gadin ƙofofin sadarwa, da wasu kayan aikin tsaro da dama.

Na ga abin da idona a wani aikin hutu da na yi a sashen kwamfuta na wata cibiyar bincike. Wani ɗalibi da aka ba izinin shugaba a kan wata uwar garke mai CentOS 7 ya gaji da Python 2.7, sai ya juya sunan python ya koma nuna Python 3. Aikinsa ya tashi lafiya lau, ya tafi gida yana murna. Washegari aka zo saka gyaran tsaro, yum ta ce ba ta san zance ba, tana faɗuwa tun a layukan farko, don an rubuta ta da nahawun Python 2 wanda Python 3 ba ya karɓa. Abin haushin shi ne, kayan aikin da za ka yi gyara da shi, shi ne ya lalace. Mai kula da kwamfutocin, wata baiwar Allah da ta fi shekara ashirin a harkar, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta mai da sunan inda yake, sannan ta ƙwace izinin.

Irin wannan ɓarnar ta yi yawa har Red Hat ta ɗauki mataki a RHEL 8. Ta ɓoye Python ɗin gida a wani lungu da sunan platform-python, inda kayan aikinta ke kiran sa kai tsaye, kuma in ka rubuta python kawai, babu abin da zai amsa maka sai ka zaɓi wanda kake so da kanka. Daga baya ta riƙa kawo sabbin zubi a gefe: 3.8, 3.9, 3.11, da 3.12, kowanne da sunansa, kowanne da foldarsa. Ƙa'idar ke nan: sabo ya zauna kusa da tsoho, kada ya hau kujerarsa. Kafin wannan ma an yi ta gwada hanyoyi. Akwai Software Collections da aka fara a 2013, mai ajiye sabbin kaya a wata folda daban, akwai kuma rumbun IUS da ya daɗe yana taimakon masu CentOS.

A nan gizo ke saƙa

Mai karatu zai ce, to ai magana ta ƙare, na saka 3.12 a gefe, sai aiki. Ina! Yanzu aka fara.

Yaren shi kaɗai ba ya yin komai mai yawa sai da laburare, wato tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka kira su maimakon ka fara daga tushe. Laburaren Python iri biyu ne. Akwai waɗanda da Python zalla aka rubuta su. Waɗannan da sauƙi, galibi sai dai a sake ajiye su a foldar sabon zubi. Akwai kuma waɗanda gada ce kawai tsakanin Python da wani laburare na ita babbar manhajar da aka rubuta da yaren C ko C++. Misali libselinux, wadda ke magana da SELinux, tsarin tsaron nan da hukumar NSA ta Amurka ta fitar a 2000. Ko libdnf, ko rpm, ko systemd. Waɗannan su ne laburaren tsari, kuma su ne ciwon kan.

Ita gada ƙafa biyu gare ta. Ƙafa ɗaya tana kan Python, ɗaya tana kan laburaren C. Lokacin da ake harhaɗa ta zuwa yaren inji, ana auna ta ne daidai da cikin wani zubi guda na Python. In ka leƙa foldar 3.6 za ka ga fayiloli da yawa da ke ɗauke da cpython-36m a cikin sunansu. Wannan tambari ne da ke cewa ni ta 3.6 ce. Python 3.12 ba zai ko kalle ta ba, kuma in ka kwafe ta da ƙarfi ka canza mata suna, ko dai ta ƙi tashi ko ta kifar da manhajar gaba ɗaya, don tsarin cikin yaren ya sauya tsakanin zubin biyu. Akwai wata yarjejeniya da aka shigo da ita tun 3.2, ana kiran ta abi3, wadda ke ba gada damar aiki da zubi da yawa, sai dai ba kowane laburare ne ya bi ta ba.

Ɗaya ƙafar ma da nata sharaɗin. Gadar libselinux ba a raba ta da libselinux ɗin kanta. Daga tushe ɗaya ake gina su, a lokaci ɗaya. Don haka wanda zai gina gadar don 3.12 dole ya nemo ainihin tushen zubin da ke kan uwar garken, tare da duk facin da kamfanin ya liƙa masa, ya gina ɓangaren Python kaɗai, ya tabbata bai taɓa sauran fayilolin gida ba. Kuma duk ranar da kamfanin ya sabunta laburaren, shi ma sai ya koma ya duba ko tasa gadar na tsaye. Aiki ne irin na shara, ba a gama shi.

Wani lokacin ma shi sabon Python ɗin ne ke ƙin kayan gidan. Daga 3.10 yaren ya ce sai da OpenSSL 1.1.1 ko sama, ita kuwa CentOS 7 ba ta wuce 1.0.2 ba. Mutane da yawa sun harhaɗa 3.10 a kanta, aka gama ba wani kuka, sai da suka zo sauko da kaya daga intanet suka tarar babu sashen ssl sam. Mafita ita ce a fara saka sabon OpenSSL a gefe, shi ma ba tare da an taɓa na gida ba. Masu Django sun ɗanɗana irin wannan a 2019, lokacin da zubi na 2.2 ya nemi SQLite da ta fi ta CentOS 7 sabunta. Tsohon laburare kuma na iya ƙin sabon yare: a 3.12 an cire distutils, wanda tsofaffin laburare da yawa ke dogara da shi wajen gina kansu, a 3.13 kuma aka share wasu tsofaffin sassa irin su cgi da telnetlib.

Yadda ake ɗaure ƙunshin

A duniyar Red Hat ba a jefa fayiloli cikin kwamfuta haka kawai. Ana ɗaure su ne a ƙunshi, wanda ake kira RPM. Ƙunshin na ɗauke da kayan, da takardar da ke faɗin sunansa, zubinsa, abin da yake buƙata kafin ya yi aiki, da inda kowane fayil zai zauna. Amfanin wannan shi ne kwamfuta ta san mai kowane fayil. In an zo cirewa a cire tsaf, in an zo sabuntawa a san abin da zai shafa, in masu binciken tsaro sun zo a ba su lissafi.

Mai ɗaure ƙunshi yana farawa ne da fayil ɗin da ake kira spec. Ka ɗauke shi kamar takardar girki. A sama akwai suna da lamba. Sai jerin abin da ake buƙata wajen gini, da jerin abin da ake buƙata wajen aiki. Biyun ba ɗaya ba ne, kuma rikita su na daga cikin abin da ke kayar da sababbin shiga. Sai matakan: warware tushe, liƙa faci, harhaɗawa, ajiye fayiloli, gwaji, da lissafin duk fayil ɗin da ƙunshin ya mallaka.

Suna ma magana ce babba. Laburaren requests na Python ɗin gida sunansa python3-requests, na 3.11 kuwa python3.11-requests. In ka ba ƙunshinka sunan na gida, dnf za ta ɗauka sabuntawa ce ta maye gurbin wancan, ka ga an koma gidan jiya. Haka in ƙunshi biyu suka ce su ke da fayil ɗaya, dnf za ta ƙi saka na biyun.

Ba a kan uwar garken da ke aiki ake ginin ba. Akwai wata manhaja mai suna mock, wadda ke buɗe wani ɗaki fanko, ta zuba masa abin da takardar ta lissafa kawai, ta yi ginin a ciki, ta rushe ɗakin. In ka manta ba ka rubuta wani abin buƙata ba, ginin zai faɗi a nan, a gabanka, maimakon ya faɗi a kwamfutar wani da tsakar dare. Kuma laburare ɗaya kan jawo goma. Kana son wannan, shi yana son wancan, wancan kuma sai da wasu uku kafin a gwada shi. Wani lokacin biyu ma kowanne na jiran ɗan uwansa, sai an gina ɗaya ba gwaji, a gina na biyun, sannan a dawo a sake na farkon cikakke.

Abin da ya faru da Ansible

Don kada a ce duk wannan labarin littafi ne, ga misali da ya taɓa kamfanoni da yawa. Ansible manhaja ce da masu kula da uwar garke ke amfani da ita su ba kwamfutoci ɗari ko dubu umarni daga wuri ɗaya. Tana aika ƙananan ayyukan Python zuwa kowace kwamfuta, Python ɗin can ya aiwatar. A watan Mayu na 2024 zubi na 2.17 na ansible-core ya fito, ya ce ya daina hulɗa da 2.7 da 3.6 a kwamfutocin da ake sarrafawa.

Masu RHEL 8, da 'yan uwanta Rocky Linux da AlmaLinux da suka ɓullo a 2021 bayan an gajarta wa CentOS 8 rai, suka ce ba komai, ai muna da 3.11 da 3.12 a gefe. Yawancin ayyuka suka tafi. Amma da aka zo kan saka ƙunshi, wanda kusan shi ne rabin amfanin Ansible, sai aka tsaya, domin gadar dnf don 3.6 kaɗai aka gina ta. Sabuwar Ansible ba ta jin 3.6, sabon Python ba ya ganin dnf. Gaba damisa, baya siyaki. Da yawa sai suka tsaya a kan 2.16 don waɗannan kwamfutocin. Abin dariyar ma, Ansible ɗin mallakar Red Hat ce tun 2015. Gada guda ɗaya da ba a gina ba ta hana kayan gida ɗaya fahimtar juna.

To pip fa? Kwantena fa?

Na san wani zai ce ai pip na nan. Gaskiya ne, ga manhajar da ba ruwanta da cikin babbar manhaja, ka buɗe keɓantaccen ɗaki da venv a kan sabon zubi, ka zuba abin da kake so da pip, babu wanda ka takura. Tun 2016 ma akwai tsarin manylinux da ke ba masu laburare damar rarraba kayan da aka riga aka harhaɗa. Abin da ba a so shi ne pip da izinin shugaba a kan foldar gida, don zai iya danne fayilolin da RPM ke lissafi da su. Saboda haka ne Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara toshe wannan hanyar a 2023.

Kwantena, irin na Docker ko Podman, ta magance wani babban kaso: ka ɗaure manhajarka da Python ɗinta da laburarenta a akwati ɗaya, uwar garke ba ta ma san me ke ciki ba. Sai dai kayan aikin da ke kula da ita kwamfutar kanta, mai saka ƙunshi, mai gyara izinin SELinux, mai taɓa ƙofofin sadarwa, dole su yi magana da gidan. Kuma akwai wuraren da uwar garke ba ta ko leƙa intanet, ba abin da ke shiga sai ƙunshi mai sa hannu daga rumbun cikin gida. A irin waɗannan wuraren, wanda ya iya rubuta spec shi ne mai magani.

Su wa ke wannan aikin?

Kaɗan daga ciki ma'aikatan Red Hat ne. Saura da yawa 'yan sa-kai ne na Fedora, masu kula da rumbun EPEL da aka kafa a 2007, wanda babbar dokarsa ita ce kada ƙunshi ya maye gurbin na RHEL. Ba kowa ne ke shiga ya zuba kaya ba. Sai ka gabatar da ƙunshinka, wani ya bi shi layi-layi, wani gogagge ya tsaya maka, sannan a gina shi a injinan Koji, a bar shi a rumbun gwaji mutane su taɓa su faɗi ra'ayinsu kafin ya isa ga kowa. Sunan mai ƙunshin ba ya fitowa a jarida. Sai ranar da ya gaji ya ajiye, a lokacin ne ake gane mutum nawa ke tsaye a kan kafaɗarsa.

Ra'ayina shi ne, mu da ke karatun nan mun cika ɗoki a kan abin da ake gani: shafin intanet mai kyau, manhajar waya, ƙirƙirarriyar basira. Duk suna da kyau, amma layin masu neman aiki a can ya yi tsawo. Wannan lungun kuwa ba cunkoso, kuma ba ya neman kuɗi. Rocky Linux da AlmaLinux kyauta ne, mock kyauta ce, Fedora ma na da Copr inda kowa zai iya gina ƙunshinsa ya rarraba ba tare da jiran izini ba. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gado ta isa. Ka saka AlmaLinux, ka zaɓi ƙaramin laburare na Python zalla, ka sauko da spec ɗinsa na Fedora, ka gwada gina shi don 3.12. Zai faɗi. Ka karanta dalilin, ka gyara, ka sake. In wannan ya zauna, sai ka gwada mai gadar C. Wanda ya yi haka sau biyar ya fahimci Linux fiye da abin da zangon karatu guda zai ba shi, kuma yana da abin nunawa ranar ganawar neman aiki.

In kuma aka ba ka makullin uwar garken mutane kafin ka kai nan, riƙe abu uku. Kada ka taɓa Python ɗin gida. Kada ka saki pip a foldarsa. In kana buƙatar sabo, ka tambayi mai kula da wurin ko akwai ƙunshinsa, in babu, ka ce za ka taimaka a ɗaure.

Allah Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.